Kududdufin Tsakar Gidana

Duk wadda ta saba karanta littattafaina ta san halina. In zan aurar da yarinya ga mai kuɗi, to sai na gina masa gida na gani na faɗa. Ƙofar ƙarfe, mai gadi da kakinsa, furanni hagu da dama, sannan a tsakiya ga wani ruwa yana tsiri sama yana zubowa a kan duwatsu farare tas kamar ƙwan kaza. Na rubuta irin wannan gida ya fi sau biyar. Amma wallahi 'yar'uwa, ko sau ɗaya ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa ke wanke duwatsun nan ba. Sai da Allah ya kawo mini su har gida, sannan na gane ashe alƙalami ba ya ciwon baya.

A shekarar 2019 ne maigidan ya samu ikon zuwa Umra. A hanyar dawowa suka kwana biyu a Jidda, aka kai su bakin teku da daddare, ya ga maɓuɓɓugar nan ta Sarki Fahad wadda aka buɗe tun 1985, mai zuƙo ruwan Bahar Maliya ta cilla shi sama fiye da mita 200, ga fitilu sun haske ta. Mutumin nan ya dawo, ko ka tambaye shi labarin ɗawafi sai ya ɓullo maka ta wajen ruwan Jidda. Ban ankara ba, damina na ɗaukewa sai ga shi da birkila da buhunan siminti. Ɗan filin da ke bayan kicin, inda nake shanya da tsinke zogale, nan aka haƙa kwarmi, faɗinsa kamar tabarma biyu, zurfinsa bai kai gwiwa ba. Aka shafe shi da siminti, aka tula manyan duwatsu a tsakiya, aka zuba fararen tsakuwoyi masu sulɓi buhu uku da ya sayo wajen masu sayar da furanni a bakin titi. Aka sa ɗan inji yana tura ruwa ta bututu. Na Jidda mita 200, namu in wuta ta yi ƙarfi kamu biyu.

Ba zan yi ƙarya ba, na so abin nan. Da la'asar sakaliya sai mu shimfiɗa darduma a gefe, in kawo shayi, ƙarar ruwan nan tana ta ƙul-ƙul-ƙul, yara suna tsoma ƙafa. Matan unguwa suka riƙa shigowa wai sun zo gaisuwa, amma idonsu na bayan kicin. Har wata amarya aka kawo ta yi hoto a wajen.

Wata biyu ya yi a haka. Hunturu na shigowa ƙura ta fara kwanciya a ƙasan ruwan, ganyen darbejiyar maƙwabta da na mangwaronmu suna faɗawa, fararen tsakuwoyin nan suka koma launin shayi. Da bazara ta kama, sai wani farin abu ya yi wa manyan duwatsun zobe daidai inda ruwa ke tsayawa, in ka taɓa shi kaushi kamar kasko. Damina na sauka kore ya rufe komai, mai santsi, har ya soma yin gashi-gashi. Can daga gindin tulin kuma wani ja-ja yana ta gangarowa a hankali kamar an zubar da ruwan goro. Nakan sa tsintsiya in ɗan goga, kwana uku ya dawo. Maigidan kuwa tuni ɗokinsa ya koma kan wata sabuwar waya. Haka maza suke, su kawo abu da murna, rainonsa ya faɗo kanki.

Bayan Babbar Sallah ta 2021 aka sa bikin 'yar yayarsa, aka ce a gidanmu za a yi wunin mata tunda mun fi fili. Saura mako guda Yaya ta zo duba wuri. Ta zaga ɗakuna, ta leƙa kicin, ta buɗe tukwane ba ta samu abin faɗa ba, sai ta fita baya. Ta tsaya ta riƙe ƙugu ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ikon Allah! Ashe kududdufi kuka haƙa a cikin gida. Ni da na ji ana ta ruwan Jidda ruwan Jidda." Ta juyo ta dube ni sama da ƙasa ta ƙara da cewa, "Ai dama mace in ta cika rubuce-rubuce sai dai a yi haƙuri. Allah dai ya kawo mai taya ki."

Na ce, "Amin Yaya," don bakina ba abin da ya iya kamawa sai wannan.

Ke da kike zaune da dangin miji kin san inda maganar ta dosa. Ni ma na sani, don an daɗe ana kawo mini ƙishin-ƙishin ɗin wata yarinya da Yaya ke yi wa ƙaninta sha'awa. Ba kishiyar ce ta fi ƙona mini rai ba, wannan in Allah ya rubuto ba mai gogewa. Abin da ya tsaya mini a wuya shi ne dalilin da za a kafa. A ce da mace mafaɗaciya, za ta haɗiye. A ce mata marowaciya, za ta yi dariya ta ce tattali ne. Amma a ce ƙazama! Wannan kalma in ta manne wa mace, har 'ya'yanta mata sai ta bi su gidan aure. Ni da nake wanke banɗaki sau biyu a yini, nake turare labule da hannuna, a ce wasu duwatsu ne za su ja mini wannan suna a gaban matan dangi sama da ɗari? A daren nan ban runtsa ba. Na ƙudura a raina ko ni ko duwatsun nan.

Washegari na fara da omo. Na zazzaga rabin leda na dirje abin da zan iya, na manta ban kashe injin ba. Aka kawo wuta ina cikin kicin, sai ihun yara na ji suna "Umma ƙanƙara! Umma ƙanƙara!" Na fito na tarar kumfa ta yi tsiri ta fi ni tsawo, ta malalo har bakin ƙofa. Sai da mai garuwa ya yi sawu biyu kafin mu ɗauraye. Kore ya ɗan ragu, sauran suna nan daram. Kwana na biyu na sayo soson ƙarfe na tukunya, na durƙusa tun hantsi har azahar, fatar yatsuna ta saluɓe. Da gari ya waye sai na ga fararen tsakuwoyin sun yi ɗigo-ɗigon tsatsa kamar masu ƙyanda. Kwana na uku na kwashe ruwan na tuttula bilic. Nan kam na ga aiki, kore ya mutu nan take ya koma fari-fari. Amma farin zoben ko gezau, jan nan kuwa sai ma ya ƙara turuwa.

Rana ta huɗu ita ce ranar da har in mutu ba zan manta ba.

Na sake zuba bilic da safe, ya taru a gindin kwarmin. Na tsaya ina hararar farin zoben nan, sai na tuna da wani ruwan wanke masai mai asid da nake saye a jarka, wanda in ka ɗiga shi a kan kanta sai ka ga tana tafasa tana narkewa. Na ce yauwa, ga maganinka. Autata, lokacin shekararta huɗu, ta biyo ni da ɗan kwanonta wai za ta taya ni, ta tsuguna a bakin kwarmin tana miƙa hannu tana tsince tsakuwoyin gefe. Na ce mata ta matsa kada ya fallatsar mata, ta ɗan ja baya kaɗan. Na kwarara ruwan jarkar a kan duwatsun, ya gangara ya haɗu da bilic ɗin da ke ƙasa.

Wani wari ne ya bugi hancina kamar an soka mini allura, idona ya kawo ruwa. Ni ina tsaye, na kau da kai na yi tari biyu. Da na waiwayo sai na ga yarinya ta saki kwano, ta riƙe wuya, tana tari ba ƙaƙƙautawa, hawaye da majina sun wanke mata fuska, tana son ta ce Umma numfashi ya hana. Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ban san sa'ad da na sure ta na yi waje ba, ko mayafi babu. Maƙwabciyata ta fito a guje da kwalbar manja da gwangwanin madara tana cewa a ɗura mata, guba ce. Allah ya taimake ni wani ɗan Adaidaita da ke sauke fasinja a ƙofar gidansu ya ce, "Hajiya ku bar ɗure-ɗuren nan, yarinyar ba ta iya numfashi ma, ku shigo mu tafi." Allah ya saka wa yaron nan da alheri duk inda yake, ko kuɗinsa bai tsaya karɓa ba.

A asibiti aka tuɓe mata riga, aka wanke mata ido da ruwa mai yawa, aka sa mata abin shaƙar iska. Sai da dare ya raba sannan ƙirjinta ya daina wannan kukan kamar na 'yar mage. Likitar, wata mace mai sanyin murya, ta zaunar da ni ta tambaye ni abin da na haɗa. Da na gaya mata sai ta rufe ido ta girgiza kai. Ta ce duk sa'ad da bilic ya gamu da asid, ko na masai ne, ko ruwan batir, ko ma ruwan kal da muke sawa a girki, to iskar kulorin ce ke tashi, kuma irinta ce aka yi amfani da ita aka hallaka sojoji a ƙasar Beljiyam a 1915, lokacin yaƙin duniya na farko. Ta ce iskar ta fi wadda muke shaƙa nauyi, ƙasa take kwanciya ta cika rami, shi ya sa ni da ke tsaye na sha da sauƙi, yarinyar da ke tsugune ta kwashi mai yawa. Manja da madara kuwa ba abin da za su yi, tunda abin huhu ya shiga ba ciki ba, in ma aka ɗura wa mai tari yana iya sarƙewa ya ƙara wata cutar.

Da muka dawo gida na ɗauko robar bilic ɗin na juya bayanta. Ga shi nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe, kada a gauraya da wani abin wanki. Ni da na yi sakandare, ni da mutane ke biyan kuɗi su karanta abin da na rubuta, ban taɓa karanta layi biyun nan ba.

Maigidan bai yi mini faɗa ba, kuma da ya yi da ya fi mini sauƙi. Ya dai tsaya a kan kwarmin ya ce, "Gobe zan kira birkila ya fasa shi a cike ramin." Ni kaina na yi mamakin abin da ya fito daga bakina. Na ce, "Abban yara, don Allah a bar shi. Ba shi ya yi laifi ba." Ranar biki muka rufe shi da katako da tamfol, aka jera kulolin abinci a kai, ba wadda ta san da abu a ƙasa.

Bayan an watse da kamar mako biyu, na cika shi da ruwa na bar shi haka nan, ko kallonsa ba na son yi. Akwai wani dattijo da ke zuwa gyara wa maƙwabtanmu furanni, wanda ya ce tun yana saurayi yake aikin lambu a manyan gidajen Nasarawa. Maƙwabciyata ce ta turo shi. Ya yi sallama, na sa hijabi na fito da shi bayan kicin. Ya tsuguna, ya ɗauki dutse ya juya, ya kankara da farce, ya sansana, kai ka ce mai duba ne ya buga ƙasa. Can ya ɗago ya ce, "'Yata, cuta huɗu ce a nan, kika ba su magani ɗaya."

Na ce, "To Baba, ai duk datti ne."

Ya ce, "A'a. A cikinsu ma wanda za a kira datti ɗaya ne, shi ne ya fi sauƙi."

Wanda yake nufi shi ne launin shayin nan. Ganye ne kawai ke jiƙa yana sakin rininsa, kamar yadda bagaruwa ke rina fata a hannun majema. Ya ce in samu tsohuwar rariya in riƙa tsame ganyen kowace safiya kafin ya nutse, shi ke nan, wanda ya riga ya kama kuma rana da sabon ruwa za su cinye shi.

Koren kuwa, gansakuka, ya ce ai wannan shuka ce mai rai, kuma ni ce nake noma ta ban sani ba. Abu uku take so: rana, ruwan da ba ya motsi, da abinci. Rana ga ta nan tun daga hantsi har la'asar, don an haƙa kwarmin a inda ba inuwa. Ruwa kuwa kullum a tsaye, tunda sai an kawo wuta injin ke tashi. Abinci kuma ba a magana: ruɓaɓɓen ganye, kashin tattabarun da ke sauka sha, guntun burodin yara, ragowar shayin da nake watsawa, da ruwan da ke tsiyayowa daga tukwanen furannin da na jera a baki bayan na zuba musu taki. Daga baya da nake ba ƙanena labari, shi da ya karanci labarin ƙasa, sai ya ce ai ko ƙurar hunturu ma taki ce. Mafi yawanta daga kwarin Bodele take tasowa a arewacin Chadi, wurin da a zamanin da ƙasan wani makeken tafki ne ya ƙafe, kuma iska na ɗaukar ta har ta tsallake teku ta zuba a dajin Amazon. Na ce to, abin da ya ciyar da daji guda ina ga ɗan kwarmina. Maganin gansakuka, in ji Baba, buroshin roba ne da ruwa zalla, sannan a baza duwatsun a rana kwana biyu su bushe ƙayau. Amma ya ce in cire rai da rabuwa da ita gaba ɗaya. Duk dutsen da ya zauna a ruwa sai ya yi riga, ko a gidan wa yake. Siririyar rigar nan ba ta cutar kowa in ban da santsi. Wanda za a guda shi ne ruwan da kansa ya yi kauri kamar miyar kuka yana wari, wannan kam a zubar, kada yaro ko akuya su sha.

Farin zoben ne ya fi ba ni haushi da na ji asalinsa, don a kicin ɗina ma akwai shi. Baba ya ce in ɗauko butar da nake dafa ruwan shayi in leƙa cikinta. Na leƙa, ga shi nan fari ya kama gindinta. Ruwan bohol ɗinmu ne ke ɗauke da shi a narke, ido ba ya gani. In zafin Maris da Afrilu ya zo, ruwa ya bi iska, shi sai ya zauna a jikin dutse. Ni kuma kullum ƙari nake yi a kan na jiya ba na zubar da tsohon, ashe tara shi nake. Bilic ba ya taɓa shi ko za a kwana ana zubawa, tsami kawai yake jin tsoro, kuma ba sai mai ƙarfi ba. Lemon tsami ya isa, ko ruwan kal, ko jiƙon tsamiya mai kauri. A ciro dutsen a sa a roba, a jiƙa shi ya kwana, da safe a goga a ɗauraye. Ya ce da damina in tari ruwan indararo in riƙa cikawa da shi, bayan na bar na farkon ya wanke rufi, don ruwan sama ba ya barin wannan kanta.

Sai dai ya ja mini kunne a kan fararen tsakuwoyin. Ya tsinto biyu masu kama da juna ya ɗora mini a tafin hannu. Ɗaya tana nan da sulɓinta, ɗayar ta yi kaushi da 'yan ramuka kamar ƙuraje sun warke. Ya ce mai sulɓin dutsen ƙanƙara ce, ba ruwanta da tsami. Ɗayar kuwa mabul ce, danginsu ɗaya da farin zoben nan, duk abin da zai narkar da shi ita ma zai ci ta. Asid ɗin da na kwarara ya cinye mata fuska, yanzu kowace ƙura sai ta samu wurin maƙalewa. Haka ya zaizaye simintin ƙasa, shi ya sa ruwa ya soma raguwa da wuri. Ya ce kafin in jiƙa kowane dutse a tsami in gwada a kan guda ɗaya tukuna, in ya dushe to in bar sauran da buroshi. Kusan buhu guda muka ware na mabul da suka lalace, na zuba su a gindin mangwaro.

Da muka zo kan jan, sai ya sa hannu can ƙarƙashin tulin ya fizgo wani ɓangare ya nuna mini. Marmara ce. Ashe birkilan da ita ya yi gindi don ya rage kuɗi, ya lulluɓe da baƙin dutse a sama. Marmara kuwa ƙarfe ne a jikinta, shi ya ba ta wannan ja. Irinta ce a kan Dala, inda maƙeran farko suka riƙa haƙar tama suna narkarwa tun kafin a san za a yi birni a Kano. Ƙarfe in ya jiƙa ya sha iska me zai yi in ba tsatsa ba? Ga kuma guntun bututun ƙarfe da aka haɗa da injin, ga ɓurɓushin soson da na dirza da hannuna, kowane ɗan sili ya zama ɗigon tsatsa. Bilic kuma ƙara kama ta yake yi, kamar yadda yake yi wa farin yadi in tsatsar waya ta taɓa shi. Muka fitar da marmarar, aka sauya bututu da na roba. Lemon tsami da gishiri da shanya a rana sun fitar da na sama-sama. Wanda ya riga ya shige jikin dutse kuwa yana nan har yau, kamar lalle a farce, sai dai shi farce yana tofowa.

Na ɗauka mun gama, har na shiga na haɗo masa ɗan abin goro. Na fito na tarar ya ɗauki farin kofin roba ya kamfato ruwa daga gefen da rana ke bugu. Ruwan garau, don tun wankin da na yi masa gansakuka ba ta dawo ba. Ya ce, "Matso ki gani." Wasu 'yan tsutsotsi ne sirara, in ka motsa kofin sai su yi wutsil-wutsil su nutse. Wasu sun rataye kai ƙasa, wasu sun kwanta a miƙe a saman ruwan.

Ya ce, "Waɗannan na kwancen, su ne 'ya'yan sauron zazzaɓi. Ba sa son ruwan kwata, irin wannan suke so, mai haske, mara zurfi, a rana, ba motsi. Daga ƙwai zuwa sauro mai cizo, da zafin nan, kwana bakwai zuwa goma ne. Yaushe rabon injin nan da tashi?"

Na yi lissafi, kwana tara ke nan unguwarmu ba wuta.

Jikina ya yi sanyi. Damina biyu ke nan yarana suna karɓa-karɓa da zazzaɓi, wannan ya tashi wancan ya kwanta, ina ta zargin kwatar lungu da gidan sauron da ya huje. Ba zan rantse cewa daga kwarmin nan ne duka ba, sauro ba ya da shaidar gida. Amma tagar ɗakin yaran taku shida ce daga bakinsa. Kuma ba ƙaramin abu ba ne a ƙasar nan, tunda a lissafin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2022, fiye da kashi 1 cikin 4 na masu zazzaɓin cizon sauro a duniya duka a Nijeriya suke. Kwana huɗu na yi ina yaƙi da launin da ba ya cizon kowa, har na kusa rasa 'yata. Mai cizon kuwa ko Yaya da ta zo neman aibu ba ta gan shi ba.

Ba ina cewa a bar gida da ƙazanta ba ne, Allah ya kiyaye, mun taso ana gaya mana tsabta cikon addini ce kuma haka ne. Amma ni dai a makon nan ba tsabta nake yi ba, na sani a raina. Da bakin Yaya nake dambe, duwatsu ne kawai suka sha dukan.

Yanzu ga yadda muke zaune da shi. Na sa maigidan ya sayo ƙaramin inji mai aiki da hasken rana, ruwa na motsi tun safe har yamma ko da wuta ko babu. Baba ya kawo mini 'yan ƙananan ƙarfasa guda shida a cikin bokiti, su ke cinye tsutsar, har gansakukar ma suna ɗan tsattsaga. Tunda kifi ya shiga, omo da bilic sun haramta a wajen, duk dutsen da zan wanke sai na ciro shi waje, na ɗauraye shi sosai kafin ya koma. Aka kafa 'yar rumfar zana ta tare ranar azahar, na janye tukwanen furanni daga baki, aka kewaye da waya saboda masu rarrafe, don yaro ƙarami ko ruwan da bai kai kamu ɗaya ba yana iya halaka shi. Kowace Juma'a da safe ina kwashe kamar kashi ɗaya cikin uku na ruwan in ba shuke-shuke, in zuba sabo. Minti ashirin ya ishe ni. Ruwan masai kuwa yana can saman kanta a banɗaki, bilic yana sito, ko a shiryayye ɗaya ba na yarda su kwana.

Duwatsun ba su koma farare ba. Na ƙasa kore-kore ne, na gefe akwai mai jan goshi, akwai mai ruwan ƙasa. Autar ta raɗa wa kifayen suna ɗaya bayan ɗaya, ita ce mai ba su abinci, kuma har yau in ta ji warin bilic sai ta toshe hanci ta bar wurin. A littafin da na fitar bayan wannan, na sake gina wa wani Alhaji gida mai ruwa a tsakiya, amma na sa masa dattijo mai rariya yana tsame ganye da asuba. Wata mai karatu har ta aiko tana tambaya ko dattijon nan shi ne uban yarinyar na ɓoye.

Maganar auren kuwa har yau ba ta tashi ba, ba ta kuma kwanta ba.

Da Ƙaramar Sallar da ta wuce Yaya ta zo yini. Bayan an ci abinci zafi ya ishe ta a falo, ta fito tana fifita da gefen mayafi, ta zagayo bayan kicin. Ta tsaya a bakin wayar ta ce, "Har yanzu kududdufin nan yana nan?"

Na ce, "Yana nan Yaya, har da kifi."

Ta leƙa, ta daɗe tana bin su da ido. Sannan ta ce da autar, "Ke, jawo mini tabarmar can." Ta zauna a inuwar rumfar ta miƙe ƙafa, ta ce in za a kawo shayi a kawo mata nan. Ba ta tashi ba sai da aka kira magariba.